Sista Ramlat, Wadda Ta Ƙi Cewa "Da Sauƙi"

Ana sallame sallar asuba Sista Ramlat take fitowa daga fulat ɗin da suke haya su huɗu a unguwar Al Nahda ta Dubai, jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu, da takalminta na roba mai laushin nan da ba ya ƙara. Bas ta kai ta tashar jirgin ƙasa na metro, metro ya kai ta inda motar kamfaninsu take jira. Kamfanin na jinyar marasa lafiya ne a gidajensu, ita kuma nata ɓangaren shi ne wanda kowa yake gudu, wato waɗanda likita ya duba ya ce magani ya kai iyakarsa, a mai da su gida. Shekara goma sha bakwai ke nan tana shiga gidajen Larabawa da Indiyawa da Turawa. Ta yi wa tsohuwa wanka, ta juya ta, ta auna mata maganin zafin ciwo a kan lokaci, ta zauna da 'ya'yanta har su daina jin tsoron shiga ɗakin. Ƙarfe uku take tashi aiki. Duk mai hankali daga nan gida zai nufa ya miƙe ƙafa, ita kuwa sai ta sauko Deira, unguwar 'yan kasuwa.

Wanda ya san Al Sabkha da ke cikin Deira ya san ƙananan otal-otal ɗin da ke saman shaguna. Daga ƙasa hayaniya ce kawai, amalanke da kwali da "yalla, yalla". In ka hau bene sai ka tarar da wata duniya. A ɗakunan nan ake ajiye mutanenmu da aka kawo neman magani, asibiti ya yi abin da zai yi ya ce khalas, an gama, biza tana shirin ƙarewa, 'yan rakiya sun rasa gaba sun rasa baya. Nan take bi ɗaki-ɗaki. Ba ta allura a wajen aiki, ba ta ba da ƙwaya, don doka ta hana kuma ba ta wasa da lasisinta. Abin da ke jakarta man zaitun ne, da auduga, da ƙaramin cokali, da tabarau na karanta takardun likita. Ranar Lahadi, da take hutu, bas take shiga zuwa Muhaisnah, wurin leburorin da ko yarensu ba ta ji.

Ni sunana Badaru. Ofishin kago nake da shi a Al Sabkha, kuma ni ne shugaban kwamitin jin ƙai na ƙungiyar 'yan kasuwarmu, muƙamin da aka ɗora min don kawai na fi kowa baki. Aikina awon kwali ne da faɗa da masu kwantena, ba rubutu ba. Amma Sista Ramlat ta ajiye aiki, ranar Talata za ta koma gida, kuma na rantse ba za ta bar garin nan shiru kamar yadda ta shigo ba.

Masu shaida suna da yawa. Akwai 'ya'yan wata Hajiya, ƙarti uku, da suka bar uwarsu kwance a gefe ɗaya har bayanta ya ɗaye, ba don mugunta ba, don kunyar taɓa jikinta. Sista Ramlat ta tsare su a ɗakin ta ce, "Ita da ta wanke muku kashi ba ta ji kunyarku ba. Kai babban, riƙe kafaɗa. Kai, riƙe ƙugu." Kafin a koma da Hajiyar gida su uku sun iya juya ta ba tare da ta yi ƙara ba. Babban har yau in ya zo sayayya sai ya nemi Sista ya gaishe ta. Irin wannan in na ce zan lissafa sai mu kwana a nan. Ni dai zan faɗi wanda aka yi a gabana, wanda ni ne mai laifi a cikinsa.

Yaya Salmanu ba ɗan uwana ba ne na jini, amma ya fi. Shi ya ɗauke ni daga filin jirgi shekara ashirin da suka wuce, lokacin ban san gabas ba a garin nan, ya raba katifarsa da ni wata biyar. Mai ɗaurin kaya ne a kasuwar Murshid Bazaar. In Yaya Salmanu ya ɗaure maka kwali, ko daga saman bene aka jefo shi ba abin da zai samu kofin gilas ɗin da ke ciki. Ni na zama Alhaji mai ofis, shi yana nan da igiyarsa da salatif ɗinsa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa nuna min a fuska ba. Yana da uwa a raye a ƙauyensu, Inna, ta haura tamanin, da 'yarsa Suwaiba da take kula da ita. Shekara huɗu rabonsa da gida, kullum sai ya ce baɗi.

Bara ya fara rama, idonsa ya yi ɗorawa. Na kai shi asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma likitan ya ja ni gefe. Turancina na kasuwa ne, amma ya isa in gane. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, babu aikin tiyata, babu ƙona shi da na'ura, sai dai a rage masa zafi. Likitan ya ce in yana da iyali a gida, gara ya je yanzu. Na fito na tarar da shi a kan benci, ya ɗago ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce da sauƙi, Yaya. A ci gaba da magani."

Kada wani ya yi min kallon banza, kowa a cikinku abin da zai faɗa ke nan. Haka muka tashi muka gani. Ba a gaya wa marar lafiya ba zai tashi ba, ba a kuma gaya wa uwarsa. Ka je dubiya ka tarar da mutum ƙashi da rai, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka fito ka share hawaye a bakin ƙofa. Na ɗauke shi daga ɗakin da suke kwana su shida na mai da shi fulat ɗina. Kullum Suwaiba ta kira in ce da sauƙi. Ta miƙa wa Inna waya in ce da sauƙi. Sati shida muna haka. A cikin sati shidan nan, Allah ya yafe mana, mu 'yan kwamiti har mun aika an tambayo mana yadda ake samun takardar binne baƙo a maƙabarta. Don mu haka muke. In aka ce gawa, kafin azahar an haɗa komai. In ka ce a shirya wa mai rai tafiyarsa, sai a ce fatan mutuwa kake masa.

Bayansa ne ya fara ciwo saboda kwanciya, shi ya sa na kira Sista Ramlat. Ta zo bayan la'asar da kayan aikinta a jiki. Ta gaishe shi, ta ce in ba ta takardun asibiti. Ta sa tabarau ta karanta a tsaye, sannan ta ce in zo. Muka fita bakin matattakala.

"Alhaji, ka san abin da ke cikin takardun nan?"

"Na sani."

"Shi fa?"

"Sista, ba a gaya wa mutum haka. Mu ba Turawa ba ne."

"Yana da iyali?"

"Uwarsa tana nan da rai."

Sai ta cire tabarau. Ta ce, "Alhaji, jirgi ba ya ɗaukar marar lafiya sai da takardar likita cewa zai iya tafiyar. Yau yana iya zama a kujera, za a ba shi. Nan da sati biyu ban ce ba. In ya wuce wannan gaɓar, ko jirgin naka ne ba za a ɗora shi ba. Kuna ta ce masa da sauƙi, ƙofa tana rufuwa."

Raina ya ɓaci. Gaskiya ce ta taka min ƙafa, ni kuma na huce a kanta. Na ce, "Ke ce kika san ranar mutuwar mutane? Rai a hannunki yake? Bayansa na ce ki duba, ki duba ki tafi, khalas!" Har maƙwabcina Ba'indiye ya leƙo.

Ko gezau. Ta ce, "Ban san ranarsa ba, ban ma san tawa ba. Kuma ba zan gaya masa abin da bai tambaya ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Gidanka ne, in ba ka so ka hana ni shiga." Ta tsaya tana kallona. Na kasa cewa shiga, na kasa cewa tafi, sai ta raɓa ni ta wuce.

Ta wanke ciwon, ta shafa mai, ta gyara masa matashi. Sannan ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Baba, wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ta aiki nake tambaya. Ina ne yake maka ciwo, kuma me kake so a yi maka?"

Ya juya kai wajen ƙofa. Can ya ce, "Badaru, shigo ka zauna, ka daina raɓe-raɓe a bakin ƙofa kamar ɓarawon takalmi a masallaci." Na shigo. Ya ce, "'Yata, shekara ashirin da shida ina ɗaure kaya. Ina ɗaga kwali na san wanda zai kai da wanda ba zai kai ba. Tun ranar da yaron nan ya fito daga wurin likita idonsa ja, na san abin da ake ciki. Ina cewa da sauƙi ne don kada hankalinsa ya tashi, yana da hawan jini." Ya juyo gare ni. "Kai kuma kana cewa da sauƙi don kada nawa ya tashi. Sati shida muna yi wa juna gadi, wawaye biyu."

Na fashe da kuka, ƙaton banza da ni, a gaban mace. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Abu ɗaya nake so. Ku kai ni wurin Inna ina iya gane ta. Kada ku aika mata da labari a waya."

Sista Ramlat, ke ce kika buɗe ƙofar da mu maza goma sha biyu 'yan kwamiti muka jingina da ita muna salati. Ke ce kika nuna min cewa abin da nake kira tausayi, rabinsa tsoro ne. Maɗaci, ɗacinki magani. Na zage ki a bakin matattakala ban taɓa ba ki haƙuri ba, to ga shi yau a gaban jama'a, ki yafe min.

Kwana biyar ta yi tana zirga-zirga bayan ta tashi aiki. Ta kai mu wurin likitan da ya rubuta takardar jirgi. Ta sa aka daidaita masa maganin zafin ciwo mai ƙarfin nan da ake kira mofin, karo na farko a wata biyu ya yi barci bai yi nishi ba. Ta kira Suwaiba ta bidiyo ta gaya mata gaskiya a hankali, ta koya mata juyi da wanka da jiƙa leɓe da auduga. Matsala ɗaya ta rage. Maganin mai tsaro ne, takardar da aka ba mu ta kwana goma sha huɗu ce, ba za a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Likitan ma gani yake da wuya ya cinye su. Ita kuwa ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, dole a san inda za a samo a gida kafin ya ƙare.

Sai ga dama ta faɗo. Wani babba a ma'aikatar lafiya ta jiharmu ya zo duba lafiyarsa ta shekara-shekara. Ba zan kira sunansa ba, ba zan kira jihar ba, su sun san kansu, kuma kowa ya san aljihun da ya biya kuɗin jirginsa. Ƙungiya ta shirya masa walima a wani otal a Deira bayan sallar Juma'a. Aka ci, aka sha, aka yi ta "ranka ya daɗe". Da aka ce ko akwai mai magana, Sista Ramlat ta miƙe daga layin mata na baya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɗan jiharka da za mu mayar gida jibi, ciwon daji, ba zai tashi ba. Abu biyu nake roƙo. Takarda zuwa asibitin da ke kusa da ƙauyensu a ci gaba da ba shi maganin zafin ciwo in nasa ya ƙare, da nas ɗaya da za ta riƙa leƙa shi ko bayan kwana biyu ne. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A sa wa irinsa wani abu a kasafin kuɗi, ko gado huɗu ne a kowane babban asibiti."

Ya yi murmushin manya. Ya ce, "Sista, Allah ya saka da alheri. Amma kin san halin da ake ciki. Muna da mata masu haihuwa, muna da yara masu zazzaɓi. Kuɗin gwamnati na wanda zai tashi ne. Wanda likita ya sallama, ai sai addu'a." Wasu har da gyaɗa kai.

Ni da nake shugaba ina ta yi mata alama da ido ta zauna, ta yi kamar ba ta gan ni ba. Ta ce, "Ban ce a taɓa na mai haihuwa ba, ranka ya daɗe, ni ma unguwarzoma ce kafin in zo nan. Maganin da nake magana bai kai kuɗin abincin da ke kan teburin nan ba. Kuma kai ma wata rana likita zai sallame ka. Ranar nan a nan za a kawo ka, ni ko irina za a kira, a ba ka maganinka kowane awa huɗu ba a makara. Na yi jinyar irinku da yawa a garin nan. Ban taɓa ganin wanda aka bari da addu'a kaɗai ba."

Mutumin ya gyara hula ya ce a rubuto a rubuce, za a duba. Ta buɗe jaka ta ciro ambulan, ashe tun daga gida ta rubuto. Ta taka har gabansa ta ajiye kusa da farantinsa, ta koma ta zauna. Bayan taro mutane suka yi ta cewa ta yi rashin kunya, ta zubar mana da mutunci a gaban baƙo. Ni ma a ranar na faɗa. Yau ina cewa duk ɗakin ita kaɗai ce ta fita da mutuncinta.

Ni na raka Yaya Salmanu gida. Daga filin jirgi awa uku muka yi a mota. Da muka isa, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Aka sauko da shi a kujera, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Salmanu, haka Larabawan suke ciyar da mutum?" Ya yi dariya har da tari. Ta sa aka shimfiɗa masa a ɗakinta, ta kori kowa daga bakin murhu ta dama masa kunun tsamiya da kanta.

Wallahi kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Mutumin da cokali biyu yake gagararsa a Dubai sai ga shi yana shan rabin kofi. Abokan yarintarsa suka yi ta zuwa ana tsiya ana dariya. Ya nemi gafarar wanda zai nema, aka nemi tasa. Ya raba wa Suwaiba da ƙannenta maganar gona a gaban liman. Da hantsi a fito da shi inuwar ɗorawa, Inna tana gefensa tana masa fifita tana yi masa faɗan rashin zuwa gida. Kunun Inna ya ƙara masa kwanakin da likita bai lissafa ba, maganin kuwa kullum raguwa yake.

Tun rana ta bakwai Sista Ramlat ta ce in fara nema. Na je asibitin da ke kusa, suka ce ba a taɓa kawo musu irinsa ba, kuma ba wata takarda da ta zo daga sama. Na je na biyu, mai ba da magani ya kalle ni sama da ƙasa kamar ɗan ƙwaya. Na uku babban asibiti ne, awa huɗu a mota. Suka ce akwai, amma sai wanda aka kwantar, kuma likitan da ke sa hannu ya yi tafiya. Na ce mutumin ba zai iya awa huɗu a hanyar nan ba. Suka ce to sai haƙuri. Na kira lambar babban nan da ke jikin katin da ya rarraba mana a walima, ta yi ta ringin har ta gaji.

Ranar sha huɗu aka ba shi ƙwayar ƙarshe. Ya yi kwana uku bayanta.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Rana ta farko matashi yake cizo don kada Inna ta ji. Rana ta biyu ya kasa. Maƙwabta suka kwashe yaransu suka kai wata unguwa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba a shekara ashirin, ana jin kukansa daga masallaci. Farasitamol muke narkawa a cokali muna ba shi, mu ma mun san wasa muke. Sista Ramlat tana waya duk lokacin da ta samu sarari a wurin aiki, tana cewa Suwaiba ta sa tsumma mai ɗumi, ta juya shi haka, ta riƙe masa hannu. Ita a lokacin tana gidan wani attajiri, maganin da muke nema yana cikin akwati a gabanta, a ƙirge, da makulli. Inna ta ɗora kansa a cinyarta ba ta tashi ba sai don salla. Ranar Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Amsar takardar nan da Sista ta ba babban ta zo, kada a ce na yi musu ƙarya. Ta iso bayan an yi sadakar arba'in. An ce an karɓi koken, ana nazari.

To ku masu nazari, ku saurara. Ba mu ce ku hana mutuwa ba, ba ku isa ba. Ba mu ce ku gina mana irin asibitocin da kuke zuwa nan ba. Cewa muka yi mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana aika guminsa gida, ya gina aji biyu a makarantar allon ƙauyensu da kuɗin ɗaurin kwali, bai cancanci ya mutu yana ihu a cinyar uwarsa ba saboda ƙwayar da ba ta kai kuɗin man motarku na yini ɗaya ba. Wanda ba zai warke ba ɗan ƙasa ne har numfashinsa na ƙarshe. Addu'a kuwa mun iya, ba sai ma'aikata ta koya mana ba. Inna ta ce ta bar wa Allah. Ni Badaru ban kai Inna haƙuri ba, ban yafe ba, kuma duk wanda ya sake zuwa a cikinku a shirya masa walima a Deira, zai tarar da ni a layin gaba da wannan magana.

Wata biyu bayan rasuwarsa, Sista Ramlat ta kai takardar ajiye aiki. Shugabarta ta ce za a ƙara mata albashi, ta ce a'a. Ƙawayenta suka ce ta haukace, mutane suna sayar da gona su zo, ita tana barin Dubai ta koma ƙauyen da ba ma nata ba. Na ce mata, "Sista, gwamnati ba ta ba ki ko sisi ba, kuma ba za ki iya ajiye maganin nan ba sai da izininsu." Ta ce, "Na sani, Alhaji. Wanka da juyi da koyar da iyali ba sa buƙatar sa hannun kowa, da su zan fara. Izini kuma kowace Litinin za su gan ni a kan bencin ofishinsu. Na saba zama kusa da wanda ba ya motsi, ba na gajiya." Gado huɗu ta saya na asibiti, na hannu, da katifu masu hana ciwon baya. Suna cikin kwantenata, kuma duk wanda ya ji na karɓi kuɗin dakonsu ya tsine min.

Ramlat 'yar Abdulganiyyu, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda kika wanke ba su san sunanki ba, da waɗanda suka isa gida da ransu saboda kin ƙi yi musu ƙarya. Allah ya sa ranar da taki ta zo ki samu hannu irin naki. Ku kuma 'yan uwana na Al Sabkha da Murshid, ba sai kun zama nas ba. In naku ya kwanta, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi abin da yake so, ku bar shi ya ba da amsa. Ku 'ya'yanmu masu karatun likita da jinya a nan, a samu ko biyu su bi bayan matar nan. In kuma ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi me ya tanadar wa wanda likita ya sallama.

Wurin da Sista Ramlat za ta sa gadajen ba ita ta nema ba. Ranar sadakar ukun Yaya Salmanu ta kira ni tana kuka, ta ce in ba ta Inna. Na sa wayar a kunnen tsohuwa, na buɗe murya. Ta ce, "Inna, ki yafe min. Ni na ce a kawo shi. Da yana nan da bai sha wannan wuyar ba."

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, rufe min baki. Kwana goma sha huɗu na yi ina ba ɗana kunu da hannuna, yana sha yana min dariya. Ke kika ba ni su. Ukun nan ba ke ba ce." Ta numfasa. "An ce min aikinki ke nan, zama da masu tafiya. To su Larabawan suna da irinki da yawa, mu ba mu da ko ɗaya. Ɗakin da ya rasu yana nan, da na kusa da shi, da zaure. Ki zo ki sa gadajenki. Amma ɗaya ki ajiye min, don na kusa, kuma ni ba zan yi irin kukan da ɗana ya yi ba."